Yadda Liman ya kwana da bashin taki

Ƙungiyar manoman riɗi ta garinmu, a ƙasar Gumel, a wani littafi mai baƙin bango take ajiye lissafinta, har daminar da gara ta shiga akwatin ma'aji ta cinye shafukan bashin taki, ta bar na tarar masu makara zuwa taro. Da yake ni ne na dawo daga Dutse da takardar karatun kwamfuta, sai dattawa suka ce in buɗe musu shafi a intanet, kowa ya riƙa duba nasa a waya. Ladan aikin kuwa, an ce Allah ya yi albarka.

Da yaren kwamfuta na Python na rubuta shi, a kan Flask, ɗan ƙaramin tsarin gina shafukan intanet ɗin nan da Armin Ronacher ya fitar a 2010, don shi ne zai zauna a uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi a intanet, mafi araha da kuɗin ƙungiya ya iya kamawa. Shafin kashi uku ne. Sama gaisuwa ce da sunan mutum, tsakiya buhunan takin da ya karɓa da abin da ake binsa, ƙasa kuma adashi, da sunan mai zubi da jimillar kuɗinsa. Kowane kashi aikinsa daban, kuma kowanne sai ya je rumbun bayanai ya tambayo wane ne ya buɗe shafin. Tambaya ɗaya, aike uku, ga sabis ɗin garinmu da sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Sai dabara ta zo mini: a tambayo sau ɗaya da zarar buƙata ta shigo, wato wani ya danna don buɗe shafin, a ajiye amsar inda duk ukun za su gani. Na ajiye ta a ma'ajiyar gama-gari, can saman fayil. Na gwada da dare ni kaɗai, shafi ya buɗe kafin in ƙifta ido. Har ƙwai biyu na sa mai shayi ya soya mini.

Ma'ajiyar gama-gari allo ɗaya ce a tsangaya: kowane almajiri ya zo sai ya wanke rubutun na gabansa ya yi nasa. Uwar garke kuwa ba ta jira ta sallami wani kafin ta saurari wani, tana iya riƙe buƙatu da yawa lokaci guda. In mutum ɗaya ne ke dubawa, lafiya lau. In biyu suka danna tare, na farko zai samu sunansa a sama, kafin a zo tsakiyar shafinsa na biyu ya riga ya goge allon.

Ranar Alhamis aka ci kasuwar Maigatari, mutane suka dawo da yamma da kuɗi a aljihu, kowa ya zaro waya yana son ganin nawa ya rage masa. Bayan magariba yaro ya zo ya ce Liman na kirana.

Na tarar da shi a kan buzu, ya miƙo mini wayar da ɗan yatsa biyu kamar ta taɓa najasa.

"Karanta mini, ko idona ne."

"Allah ya gafarta Malam, an ce barka da zuwa."

"Na ga wannan. Ƙasa."

Buhu goma sha biyu, ba a biya ko sisi ba. Liman da gonarsa ba ta san komai ba sai takin tumaki, ya shiga ƙungiyar ne kawai don a samu mai buɗe taro da addu'a. Na fara yi masa bayanin allo, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko na san abin da aka ce game da wanda ya mutu da bashi a kansa. Na ce na sani. Ya ce to kafin asuba a sauke masa.

Ainihin mai buhu goma sha biyun, wani mahauci ne, shi kuma nasa shafin ya nuna ba a binsa komai. Nan take ya ɗauki hoton fuskar wayar, ya bi rumfar mai shayi yana nuna wa jama'a cewa gaskiya ta yi halinta.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya faru a gidan Kawu. Yana zaure yana dubawa, Inna tana ɗaki tana dubawa, suka danna tare. A ƙasan shafin Kawu sunan Inna ya fito ɓaro-ɓaro da jimillar adashinta na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuɗin da ya isa sayen bijimi. Matar da makon da ya wuce ta ce masa ko na gishiri babu.

Cikin daren na kwashe bayanan na mayar da su seshan, wanda a Flask kuki ne, wato ɗan guntun bayani da ke zaune a wayar mutum. Cakuɗewa ta tsaya, amma seshan ba ya mantuwa: mai shayi ya biya bashinsa da safe, har azahar waya na cewa ana binsa. Ya zo da rasit a hannu, ya kuma tuna mini ƙwai biyun nan ma ban biya ba.

Wani abokin karatuna da ke aiki a Kano na kira. Sai da ya ƙoshi da dariya ya ce, "Kai, g fa?" Harafi ɗaya tal. Flask na da wata ma'ajiya mai suna g da ake buɗewa idan buƙata ta shigo, a share ta idan an mayar da amsa, kuma kowace buƙata da tata. Ka zuba bayanin mutum a ciki tun farko, sama da tsakiya da ƙasa su ɗiba, na kusa da shi ba ya gani, gobe kuma ba a tarar da na jiya. Ya ce sauran kayan gina shafi ma kowa da tasa dabarar: masu ASP.NET na da HttpContext.Items, masu Django suna rataya abin a jikin buƙatar kanta, PHP kuwa da ma mantawa yake da komai bayan kowace buƙata, da shi na yi aikin da Liman ya yi barcinsa. Gyaran layi uku ne.

Maganar mahauci har gaban dagaci, don ya ce hoto ba ya ƙarya, ma'aji ya ce buhu ma ba ya ƙarya. Inna ta janye adashinta ta mayar wurin wata tsohuwa da ba ta da waya, kuma ta daina aiko mini da ƙuli. Kawu ne ya tare ni a hanyar masallaci, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ɗana, wancan na farkon da ka yi, ba a iya dawo da shi ko na dare ɗaya? Amarya ma ta shiga ƙungiyar."