Ranar da Tsohon Suwic Ya Ƙwace Sarauta

A wani ofishi da ke Sabon Garin Zariya nake kula da kwamfutoci. Suwic uku na kamfanin Cisco gare mu, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna, kuma na raba ma'aikata gida-gida da VLAN, wato rukunin kwamfutoci da ake keɓewa a cikin suwic, domin kada kwamfutar akanta ta riƙa gaisawa da ta baƙi. Wata Litinin cikin hunturu na ƙirƙiri VLAN 30 a babban suwic, ina sa ran VTP, tsarin da ke yaɗa jerin VLAN tsakanin suwic, zai kai labarin ga sauran. Na ƙasa ya karɓa, amma na saman bene ya yi kunnen uwar shegu.

Na sauya waya, na hure ƙura, na zargi ɓeraye, har masu wuta ban ƙyale ba. Da dabara ta ƙare, sai na yanke masa hukuncin mutuwa, na zaro wani tsohon suwic daga sito, wanda na taɓa shafe wata biyu ina koyon aiki a kansa. Na goge saitinsa, na jona shi, na zauna ina hura shayi.

Abin da ya kwanta mini shi ne, irin VTP ɗin da muke amfani da shi ba ruwansa da muƙamin suwic, lambar gyara kaɗai yake dubawa. Duk gyaran da aka yi, lambar takan ƙaru da ɗaya, kuma muddin sunan yanki, wato sunan da ake ba suwic ɗin da ke tarayya a VTP, ya zo ɗaya, mai babbar lamba ake bi, ko da a matsayin mabiyi aka ajiye shi. Lambar kuwa tana kwance a fayil ɗin vlan.dat, wanda goge saiti ba ya taɓawa. Tamu 14 ce, ta tsohon 63, alhali babu komai a cikinsa sai VLAN 1 da 'yan uwanta huɗu da ba sa gogewa.

Kafin in kurɓi shayin, sauran suwic sun bi tsohon sun goge VLAN ɗinmu, koren fitilunsu sun koma ruwan lemo reras. Akanta ya leƙo ya ce, "Injiniya, albashi fa nake turawa!" Oga ya biyo bayansa yana tambayar abin da na taɓa, na ce, "Ranka ya daɗe, bincike nake yi," ina maganar ina tura tsohon ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Jerin VLAN ɗin ba ya kaina, ban kuma rubuta shi ko'ina ba. Sai bayan la'asar na kunna suwic ɗin da na sallama, na iske jerin nan a cikinsa lafiya lau, na kwafe da hannu. A nan ne na ga ciwon nasa: sunan yankinmu Zazzau ne da babban baƙi, shi kuwa an rubuta masa da ƙarami, kuma VTP ba ya haɗa su. Oga ya tambaye ni wa ya rubuta, na ce shi ma ina bincike.