Notin da Ya Ƙi Fita a Suame

Hantsi ne a Magazin ta Suame, unguwar makanikai a Kumasi. An ɗaga Prado ɗin Alhaji ta gefen dama, an cire taya. Masta na kwance a kan kwali, Yaro na miƙa masa kaya, Direba ya raɓe a jikin bango. Alhaji na kan benci, carbi a hannu, ido a agogo.

ALHAJI: Masta, tun ban gama kokona ba kake juya notin nan. Da rijiya kake haƙa da yanzu mun yi alwala.

MASTA: Juyi kam yana yi, Alhaji. Fita ce ba ya yi.

ALHAJI: Wannan jifa ne. Na gaya wa Hajiya, tun da motar nan ta shigo Aboabo wasu ba su ƙara barci ba.

MASTA: Ba wanda ya jefe ka. Ka ga ɗan ƙarfen nan? Shi ne linkin sitabilaiza. Kusar da ke kansa ƙwallo ce a gindinta, a cikin giris take zaune. In tsatsa ta haɗe noti da zare, kana juya noti kusa na bin ka. Ina kuka shiga da motar?

DIREBA: Ƙauyukan bayan Yendi, sayen doya. Mun ɗan ratsa rafi.

MASTA: Ɗan rafi har da yashi a cikin shokozoba? Yaro, sifana lamba 17 da alanki lamba 6. Akwai rami a bakin kusar, nan ake riƙe ta... Kai! Wa ya taɓa nan?

(Shiru. Direba ya shiga karanta lambar wata mota.)

MASTA: Ramin nan kusurwa shida ke gare shi daga kamfani. Yanzu ya zama zagaye sumul.

DIREBA: Na ɗan gwada ne jiya da lamba 5, shi na samu. Da ya zame sai na ɗan taimaka masa da guduma.

MASTA: Ka taimaka masa ƙwarai, bakin kusar ya baje. Ko notin ya tuba yau ba shi da hanyar wucewa.

DIREBA: Kuɗin Alhaji nake tattali.

ALHAJI: Allah ya saka maka, daga albashinka. Masta, to a cire abin nan gaba ɗaya a yar mana. Mota ba ta tafiya sai da shi?

MASTA: Tana tafiya. A Amurka masu hawan duwatsu da gangan suke kwance shi don taya ta samu sakewa, Jeep Wrangler Rubicon ma maɓalli gare ta na haka. Amma da sun hau kwalta suke mayarwa. Ƙarfen sitabilaiza shi ya ɗaure hagu da dama, shi ke hana mota kishingiɗa a kwana. Taka doguwa ce, ga doya a sama, ga wannan direban. Ku doshi Kintampo a haka mu gani.

ALHAJI: A bar shi, a bar shi.

MASTA: Yaro, goge zaren da burushin waya. Alhaji, a kawo kuɗin WD-40, man fesa wa tsatsa.

ALHAJI: Turare ne? Mahaifina da man birki yake kwance noti.

MASTA: Man birkin ma sayarwa ake yi.

(Aka fesa, aka jira. Alhaji ya amsa waya, ya ce wa mutumin ga shi nan a kasuwar Kejetia. Masta ya damƙe bayan kusar da filaya mai kulle, robar ta fashe, baƙin ruwa ya tsiyayo.)

ALHAJI: Innalillahi! Ka yaga mini roba!

MASTA: Roba ta rasu tun bara, Alhaji, yau dai aka sanar da kai. Ƙarar ƙwas-ƙwas da kake ji a gargada daga ina kake zaton take? Duba, babu giris, laka ce.

ALHAJI: Ni dai a fito mini da shi da ransa. A wanke a mayar.

MAI WALDA (ya leƙo, ba a kira shi ba): Masta, in kawo gas? Da noti ya yi ja zai saki.

MASTA: Zai saki. Amma ga tiyon birki, ga wayar ABS ta birki, ga robar shaf, duk a kusa. Kuma hannunka na sani.

ALHAJI: Wuta? A ƙarƙashin motata? Da safen nan na cika tanki! Yaro, raka bawan Allahn nan.

MASTA: To saura yanka. Abin da za a yar ba a lallashinsa. Yaro, giranda, ka kawo tabarau.

(Giranda ta ce ziii, tartsatsi ya fara tashi, sai ɗif. Magazin gaba ɗaya ta yi tsit.)

YARO: Masta, dumso, an ɗauke wuta.

ALHAJI: Na ce jifa ne kun ƙi ji.

MASTA: Yaro, zarto.

YARO: Ni, Masta?

MASTA: A'a, Alhaji.

(Yaro ya yi ta goga har aka kira azahar. Noti ya faɗo da guntun kusa. Ragowar kusar ta ce ba ta san zancen ba, tana nan daram a raminta.)

DIREBA: In miƙo guduma?

MASTA: In ka ƙara cewa guduma a garejin nan sai ka koma gida a tirotiro, motar haya. Matsa in gani... Wane ne ya ɗaga gefe ɗaya? Taya ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ai ƙarfen a murɗe yake, shi ya danne kusar!

YARO: Kai ka ce, Masta. Ɗaya jak ɗin ka ba da aro tun ranar Talata.

MASTA: Ban tambaye ka tarihi ba. Je ka karɓo.

(Aka ɗaga hagu. Masta ya tura kusar da babban yatsa, ta faɗo.)

ALHAJI: Da yatsa? Yini guda, ashe aikin yatsa ne? To kuɗin yatsa zan biya.

MASTA: Za ka biya na yatsa, da na zarto, da sababbi guda biyu. Ba a canza ɗaya a bar ɗaya, tare suka sha ruwan Yendi. Zan shafa wa zaren giris don gaba.

ALHAJI: Biyu! To a ba ni tsohon, a cire kuɗin ƙarfensa daga lissafi.

YARO: Alhaji, mai gwangwan ya wuce da shi kana salla.

ALHAJI: Nawa ya ba ka?

YARO: Na ci waake (shinkafa da wake) da su.

ALHAJI: Masta, a rubuta waake a ɓangarena.