Ci da sha mun riƙe, ina na ukun?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Maiwurno, Gadarif, Kassala a Sudan da duk inda saƙon nan ya riske ku. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi layyarmu.

Muslim ya ruwaito daga Nubaisha al-Huzali cewa Annabi (SAW) ya ce kwanakin Tashriƙ, wato ukun da ke bin ranar Babbar Sallah, kwanaki ne na ci da sha da ambaton Allah. Abu uku ya lissafa. Biyun farko ba sai an yi mana wa'azi a kansu ba. Na ukun kuwa, ku leƙa sahun La'asar ranar Sallah: rabin maza suna gida a kan angarib, gadon igiya, ciki ya ɗaure, ko kabbarar bayan salla ta gagara.

Kowa ya san yadda ake kaiwa nan. Kafin a gama fiɗa marara, wato ɗanyar hanta da kayan ciki, ta iso, soyayyen naman shayya ya biyo da kitsensa, da azahar ga fatta, wato burodi cikin romo, da yamma a shiga gidan kawu ya rantse sai an taɓa agashensa, wato tsirensa. Shi kitse ya fi kowane abinci daɗewa a ciki, saƙon ƙoshi kuma sai ya yi kamar minti 20 kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Mai haɗiyar lauma ba tauna ya riga ya wuce iyaka tun bai sani ba. A hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya fitar, Annabi (SAW) ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba. In ba makawa, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Kason numfashin nan shi muke cinyewa, shi ya sa ruku'u ke zama aiki.

Don haka a tauna, a sassauta hannu. A ajiye ganyen jirjir da tumatir da lemun tsami kusa da naman, domin ganye ne ke motsa hanji. Zoɓo ko tsamiya marasa sukari da yawa sun fi lemun kwalba. Kada a miƙe a gado sai an yi awa biyu zuwa uku, in ba haka ba ƙwannafi na tafe. Tattaki zuwa masallaci ma ya isa motsa jiki, ga lada.

Marara kuma, na san zan taɓa ran wasu. Shatta, wato barkono, da lemun tsami ba sa kashe abin da wuta ke kashewa. A 2007 zazzaɓin Rift Valley ya ratsa jihohin Sinnar da Jazira da Farin Nilu, ana kuma ɗaukarsa ta jini da kayan cikin dabba. Minti kaɗan a kan garwashi ba zai rage wa hanta daɗi ba.

Sai sharbot, abin shan nan na jiƙon dabino, wanda ake cewa yana narkar da nama. Jiƙon dabino halal ne. Ibn Abbas ya ce ana jiƙa wa Annabi (SAW), ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya saura a ba mai hidima ko a zubar. Amma wanda aka zuba wa yis aka rufe kwana da kwanaki a zafin nan namu har ya fara bugarwa, sunansa ya canja ko da ana ce masa maganin ciki. Iyayenmu mata, ku jiƙa kaɗan, a shanye da wuri.

Allah ya ce a Suratul Hajji, aya ta 28, game da dabbar da aka yanka, ku ci daga gare ta, ku ciyar da matsattse matalauci. Tun Afrilun 2023 da yaƙi ya tashi, garuruwanmu cike suke da waɗanda suka baro gidajensu, wasu a makarantu suke kwana, bana ba su yanka ko kaza ba. Cinyar nan da ke rataye a tsakar gida, a ba yaro ya kai ta takiyyar unguwa, inda ake dafa wa mabuƙata abinci, kafin a kira Magariba.