Las Vegas: Kuɗin filin wasa ya samu, na makaranta kuwa a jira

Da asubahin 9 ga Oktoban 2024 aka tashi nakiyoyin da aka dasa a otal ɗin Tropicana da ke Las Vegas, a jihar Nevada ta Amurka, dogayen benayensa biyu suka durƙushe cikin daƙiƙoƙi, jama'a na tafi ana wasan wuta. Tun 1957 yake tsaye. Ba ginin nake wa kuka ba, don garin da ya rushe otal-otal ɗin Dunes a 1993, da Sands a 1996, da Stardust a 2007, ya saba binne tarihinsa da kiɗa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne aljihun da zai biya kuɗin abin da ake ginawa a gurbinsa.

Filin wasan besbol ne mai kujeru 33,000, na ƙungiyar Athletics da ta baro Oakland. A Yunin 2023 majalisar jihar Nevada ta amince da tallafin da zai kai dala miliyan 380: miliyan 180 rangwamen haraji daga jiha, miliyan 120 bashin da gundumar Clark, wadda Las Vegas ke cikinta, za ta ciwo, sauran ƙananan sassauci. Kafin nan, a 2016, an ware dala miliyan 750 daga harajin ɗakunan otal aka gina filin wasa na Allegiant. Duk biyun zaman gaggawa aka kira wa majalisa.

To, yaushe aka yi wa makarantu irin wannan rawar jiki? Hukumar makarantun gundumar Clark ita ce ta biyar a girma a Amurka, ɗalibai wajen 300,000, kuma shekara da shekaru Nevada na can ƙasa-ƙasa a jerin jihohi wajen abin da ake kashe wa kowane ɗalibi. Da ƙungiyar malamai ta nemi a kai maganar tallafin gaban masu zaɓe, kotun ƙolin jihar ta tare hanyar a 2024.

Masu cewa filin zai jawo baƙi ya biya kansa, su fara gaya mana wane baƙo ne ya fasa zuwa Las Vegas don rashin besbol.

Cutar tsohuwa ce. An yi gwanjon filayen garin a Mayun 1905 saboda layin dogo, aka halatta caca a 1931, shekarar da aikin madatsar ruwa ta Hoover ya cika hamadar da ma'aikata masu albashi. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: titin Strip, inda manyan gidajen cacar suke, akasarinsa ba ya cikin birnin Las Vegas. A 1950, da birnin ya yi yunƙurin haɗe yankin don ya sami haraji, masu gidajen caca suka garzaya gunduma aka yanka musu wani yanki mai suna Paradise. Garin ya ba su suna, su kuwa suka tsallake iyaka da lalitarsu. Jami'ar Nevada da ke Las Vegas (UNLV) ma sai a 1957 ta sami gininta na farko, shekara 11 bayan buɗe otal ɗin caca na Flamingo. Baƙaƙen mawaƙan da ke cika dandalin waɗannan otal-otal kuwa, a unguwar Westside suke kwana, sai da aka yi yarjejeniyar Moulin Rouge ta kawo ƙarshen wariyar launin fata a Maris 1960 kafin ƙofa ta buɗe musu.

Har yau harajin Nevada a kan abin da gidajen caca suka ci bai wuce kashi 6.75 cikin ɗari ba. Pennsylvania na karɓar fiye da rabi a kan injinan caca, gidajen kuma ba su gudu ba. Ga shi Nevada ba ta cire harajin albashi, saboda haka babu wata rijiyar da za a ja. A ɗaga wannan kaso ko da maki ɗaya ko biyu ne, a rubuta a doka cewa na makarantu ne, kuma duk attajirin da ke son filin wasa ya gina da kuɗinsa. Strip ba za ta kwashe otal-otal ɗinta ta koma Arizona a kan maki biyu ba.