Kambin Ravenclaw da malfar jaji

Shekara tara ke nan ina zaune a Edinbara, babban birnin Sikotland. Duk wanda ya taɓa zuwa garin nan ya san ba za ka yi tafiyar minti goma a tsohon gari ba tare da ka ci karo da shagon kayan Harry Potter ba, musamman a titin Victoria. A garin nan J.K. Rowling ta rubuta mafi yawan littattafan. Na farko ya fito a 1997, na bakwai kuma a 2007, ta kammala shi a otal ɗin Balmoral da ke daf da tashar jirgin ƙasa ta Waverley. Don haka yaran da suka tashi a nan da labarin suke kwana, da shi suke tashi.

Watan jiya babbar 'yata, mai shekara 11, ta shigo da gudu riƙe da wayar mahaifiyarta. Ta amsa wasu tambayoyi a intanet, an raba mata gida. "Abba, Ravenclaw aka ba ni! Gidan masu ƙwaƙwalwa!" Murna take har da tsalle. Na taya ta murna, amma tun ranar maganar take yi mini yawo a rai.

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Musulmi da labarin matsafa. Ni a wajena tatsuniya ce, 'yar'uwar ta Gizo da Ƙoƙi da Dodo, kuma mun zauna da yarinyar mun rarrabe mata tatsuniya da aƙida. Wanda ya hana 'ya'yansa karantawa ban ga laifinsa ba. Abin da ya dame ni daban ne.

Ga wanda bai san labarin ba: makarantar Hogwarts gida huɗu gare ta, kuma wata tsohuwar hula mai magana ce take raba yara ranar da suka iso. Gryffindor na jarumai, Slytherin na masu dogon buri da wayo, Hufflepuff na masu ƙwazo da riƙon amana, Ravenclaw na masu kaifin basira. Rowena Ravenclaw ce ta kafa shi. Alamarsa a littafi gaggafa ce, launinsa shuɗi da ruwan tagulla, ko da yake masu fim sun mayar da tsuntsun hankaka, suka sa ruwan azurfa. Halayen da ake jingina wa 'yan gidan su ne son sani, saurin fahimta, iya magana, ƙirƙira, da kuma rashin damuwa da abin da mutane za su ce. Ɗakin zamansu can saman hasumiya yake, cike da littattafai, kana hango duwatsu ta taga.

Wannan tsarin gidaje ba baƙonmu ba ne. Turawan Ingila sun kawo mana shi tun Kwalejin Katsina ta 1921, wadda ta zama Barewa a Zariya, da gidajenta irin su Dan Hausa da Nagwamatse da Bello Kagara. Ni ma makarantar kwana na yi, na san daɗin gida da kishinsa ranar tsere da ranar duba tsafta. Sai dai mu babu wanda ya leƙa zuciyarmu kafin ya raba mu. Inda gado yake, nan aka tura ka. A gida ɗaya akwai haziƙi, akwai jarumi, akwai wanda barci ya fi ƙarfinsa, kowa yana cin gajiyar kowa.

Abin da ya fi burge ni a Ravenclaw ƙofarsa ce, kuma zan daɗe a kanta. Gryffindor da Slytherin kalmar sirri ake faɗa a shiga. Ka haddace ta, shi ke nan. Ƙofar Ravenclaw ba ta da mariƙi, ba ta da ramin makulli. Kan gaggafa ne na tagulla, idan ka ƙwanƙwasa sai ya jefo maka tambaya. A littafi na bakwai ya tambayi Luna Lovegood wanne ya riga wani, tsuntsun nan da yake ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa ko kuwa wutar. Ta ce da'ira ba ta da mafari, ƙofa ta buɗe. Ƙofar ba haddar amsa take nema ba, hujja take aunawa. Idan ka kasa, sai ka tsaya a waje har wani ya zo ya warware, ka ji yadda ya yi, ka ƙaru.

Da na karanta wannan wurin sai na tuna tsakar gidanmu bayan isha'i, kakarmu tana cewa "ƙulun ƙulufit", mu ce "gauta". Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Baba na ɗaka, gemu na waje. Idan ka kasa sai ka ba da gari kafin a faɗa maka. Mu ne muka ce tambaya mabuɗin ilimi, mu ne muka ce matambayi ba ya ɓata. Wato ƙofar nan tamu ce tun fil azal. To amma ina ta tafi da muka shiga aji? A makarantar da na yi, wani malaminmu ya taɓa sa ni durƙuso a rana tsawon darasi saboda na ce lissafin da ya yi a allo bai fito ba. Kuma bai fito ɗin ba. Ya ce fitsara ce. Daga ranar ban ƙara ɗaga hannu a ajinsa ba, haka ma sauran yara arba'in da suka ga abin da ya faru. A nan kuwa malamar 'yata ta rubuta a rahotonta cewa tana yawan musu da hujja, kuma yabo take nufi. Wannan abu ɗaya ne da nake fata mu dawo da shi gida, domin namu ne muka yar.

Iyakar yabona ke nan. Idan ka bi 'yan Ravenclaw ɗaya bayan ɗaya za ka ga marubuciyar da kanta ba ta ruɗu da su ba.

Ɗauki Luna. Ita ce cikakkiyar 'yar gidan: tana tunani da kanta, tana faɗin gaskiya ko da ɗaci, ba ta jin nauyin a ce ta fita daban. Me gidan masu ƙwaƙwalwa ya yi mata? Suka sa mata sunan tsokana mai nufin mahaukaciya, suna ɓoye mata kaya duk shekara, har sai ta liƙa sanarwa a ƙarshen zango tana roƙon a dawo mata da su. Abokan da ta samu na haƙiƙa 'yan Gryffindor ne. Sai Marietta Edgecombe, wadda ta tona asirin ƙungiyar ɗalibai a littafi na biyar. Sai Gilderoy Lockhart, wanda marubuciyar ta ce shi ma ɗan gidan ne: yana bin mutanen da suka yi bajinta, ya tatsi labarinsu, ya shafe musu tunani, ya buga littafi da sunansa. Haka Quirrell, wanda son a ce ya sani ya kai shi hannun Voldemort, babban mugun labarin. Kowannensu ƙofar nan za ta buɗe masa, domin ita kai take aunawa, ba ta tambayar me za ka yi da abin da ke cikinsa.

Bahaushe ya daɗe da raba wannan gardama da harshensa. Wayo daban, ilimi daban, basira daban, hankali daban, hikima daban. Gizo mai wayo ne, amma babu uwar da take addu'a ɗanta ya zama Gizo. Dila ne malamin daji, shi ake kai wa shari'a. Idan aka ce yaro yana da hankali, ba makin jarrabawa ake nufi ba. Ana nufin ya san ya kamata. Shi ya sa muke iya cewa wane akwai karatu amma babu hankali, kowa ya gane, babu wanda zai ce maganar tana karo da kanta. Lockhart kuwa a ma'aunin malamanmu ɓarawo ne tsantsa. Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya rubuta don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wajensu. Har gobe idan malamin zaure ya kawo fassara zai ce haka na ji daga malam wane, Allah ya jiƙansa. A wajenmu ilimin da ba a san ubansa ba abin tuhuma ne.

Sai babban abin da ya hana ni sakewa da murnar yarinyar nan, wato a ɗora wa yaro ɗan shekara 11 hula a ce kai irin masu ƙwaƙwalwa ne. Wannan ba tatsuniya ba ce a ƙasar nan. Bayan dokar ilimi ta 1944, Ingila ta shafe shekaru tana raba yara da jarrabawa guda a daidai wannan shekarun, wasu a tura su makarantar masu zuwa jami'a, mafi yawa a tura su wata. Har yau akwai yankuna kamar Kent da suke yi. Ko shugaban Hogwarts, Dumbledore, a ƙarshen labarin ya nuna yana ganin ana gaggawar raba yaran. Kuma Hermione, wadda ta fi kowa karatu a ajinsu, hular ta yi tunanin kai ta Ravenclaw amma ta ƙare a Gryffindor.

Mu ma muna da tamu hular. Ranar shiga babbar sakandare ake cewa wannan ɗan ajin kimiyya ne, wancan ɗan ajin adabi. Ba na musun alherin makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Kano ta buɗe a 1977. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun isa shaida. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka mayar da rabon ya zama hukunci a kan darajar yaro. Na ga abokina da aka tura ajin adabi yana ɓuya a bayan ɗakin kwana yana kuka, don mahaifinsa ya ce ya kunyata shi. Na kuma ga cutar da aka yi wa mu da aka ce mun ci. Yaron da aka gaya wa shi haziƙi ne yakan fara tsoron duk abin da zai nuna bai iya ba. Ya daina tambaya don kada a ce ashe bai sani ba. Ya fara ɓoye littafinsa kada na biyu ya kamo shi. Na yi wannan, ba labari aka ba ni ba.

Kwatanta da tsangaya. Tana da matsalolinta masu nauyi, bara a gaba, kuma ba na rufe ido a kansu. Amma dubi yadda take kallon ilimi. Ƙolo, titibiri, gardi, malam, alaramma, gwani, gangaran. Matakai ne, da ƙafa ake hawa, babu wanda ake haifa gwani. Ba a tambayar ko kai wane iri ne, ana tambayar ina ka kai. Dattijo mai furfura zai durƙusa gaban saurayi da littafinsa, don gemu ba ya hana ilimi. A cikin waɗanda suka kafa Hogwarts, wadda ta fi kama da malamanmu Helga Hufflepuff ce, da ta ce a ba ta duk yaran da suka rage za ta koyar da su daidai wa daida. Gidanta ne kuwa yaran nan suke jin kunyar a ba su.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na kambin Rowena. An ce duk wanda ya ɗora shi basirarsa tana ƙaruwa. 'Yarta Helena ta sace shi don ta fi uwarta, ta gudu dajin Albaniya, ta ɓoye shi a kogon itace. Uwar ta kwanta ciwon ajali tana ɓoye wa abokan aikinta cewa ya ɓata. Helena ta mutu a can, ta dawo fatalwar gidan. Bayan ɗaruruwan shekaru Voldemort ya lallashe ta ta faɗa masa inda yake, ya ɗauko ya mayar da shi ma'ajiyar wani yanki na ruhinsa. A duk tsawon wannan zamani kambin bai koyar da ko yaro ɗaya harafi ba.

Mu ma muna da abin ɗorawa a ka. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Takan zaɓi mace dattijuwa mai amana ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, a ɗaure da jan rawani. Malfar ba ta ƙara wa kowa basira. Ma'anarta ita ce daga yau an ɗora miki nauyi: ki taka ƙauye-ƙauye, ki tara mata, ki koya musu waƙoƙin da kika haddace, ki rako su wajen malama ki mayar da su gida. Wannan labarin na ba 'yata a daren da ta zo da wayar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Abba, jajin wane gida za a ba ta?" Na ce mata ita jaji aikinta a waje yake.

Na saya mata gyalen wuyan nan mai shuɗi, don tana so kuma sanyin garin nan ba ya wasa. Amma mun yi yarjejeniya. Duk Asabar ita ce za ta zauna da ƙanenta ta koya masa karatun Hausa, tunda shi har yanzu ƙ da k duk ɗaya ne a kunnensa. Kuma duk Lahadi idan mun kira Hajiya a Zariya, za ta karɓi kacici-kacici ɗaya daga bakinta. Na makon jiya shi ne Baba na ɗaka, gemu na waje. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake girki da lantarki ba ta taɓa ganin hayaƙi yana fita ta saman ɗakin girki ba, kwana huɗu ke nan tana fama. Hajiya ta ce kada wanda ya faɗa mata, sai ta ba da gari.