Ba a ƙofar asibiti cuta take farawa ba

Binciken lafiyar al'ummar Najeriya na 2018 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa a Kebbi, 252 ba sa cika shekara biyar a duniya. A Ogun kuwa 30 ne kacal. Duk wanda ya ga wannan tazara ya ce maganinta ƙarin gine-ginen asibiti ne kawai, bai duba tushen matsalar ba.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa darasi. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, MSF, ne suka lura yara na mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da farko ma wasu na zaton zazzaɓin cizon sauro ne. Da aka gwada jini da ƙasa sai aka gano gubar dalma. Farashin zinari ya tashi, noma ba ya ciyar da gida, don haka magidanta suka riƙa kawo duwatsun zinari masu ɗauke da dalma cikin gida, ana niƙa su a injin hatsi, ana daka su a turmi, yara na rarrafe a cikin ƙurar. Aƙalla yara 400 suka rasu. Likitoci na da maganin fitar da gubar daga jini, amma ba shi da amfani muddin yaro zai koma tsakar gidan da ta gurɓace. A Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da abin ya shafa, sai da aka jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen. A 2015 kuma masifar ta sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja.

Wannan shi ne aikin masu nazarin lafiyar al'umma: su tambayi wa ke mutuwa, a wane ƙauye, me yake ci, wane ruwa yake sha, kilomita nawa ne tsakaninsa da ungozoma, mahaifiyarsa ta yi makaranta ko ba ta yi ba. Amsoshin nan suna hannun ma'aikatun ruwa, ilimi, ayyuka da ma'adinai, ba na lafiya kaɗai ba.

Ina ganin ya wajaba kowace jiha ta riƙa wallafa alƙaluman mutuwar yara da mata masu juna biyu ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma a duk shekara, kuma majalisar dokoki ta ƙi amincewa da kasafin da bai fifita wuraren da suka fi shan wahala ba.