Samun majalisa ba shi ne tsarin firaminista ba

A wuraren hira a Katsina za ka ji ana cewa tunda muna da sanatoci da 'yan majalisar wakilai, ai tsarin majalisa, wato tsarin firaminista, muke bi. Ba haka ba ne, Amurka ma tana da majalisa, amma tsarin shugaban ƙasa take bi.

A tsarin firaminista, shugaban gwamnati daga cikin 'yan majalisa yake fitowa, kuma da zarar sun kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, gwamnati ta faɗi. A Birtaniya a 1979, da ratar ƙuri'a ɗaya tak aka kayar da ita.

Haka muke a zamanin Tafawa Balewa, lokacin da Matawallen Katsina Musa 'Yar'aduwa yake ɗan majalisa kuma minista. Ɗansa Umaru kuwa, jama'a ne suka zaɓe shi shugaban ƙasa kai tsaye a 2007.